Hutun Haihuwa, Rainon Jariri da Komawa Bakin Aiki: Bayani ga Al'ummar Batsari da Safana

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin mata masu juna biyu da masu jego da mazajensu a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da kuma jami'an da takardun waɗannan mata ke bi ta hannunsu, wato jami'an kula da ma'aikata, da sakatarorin ilimi, da shugabannin makarantu, da shugabannin asibitocin mazaɓu, har ma da dagatai da masu unguwanni. Bisa ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, Batsari na da mutum fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000, kuma adadin ya ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. A cikin wannan ɗimbin jama'a, matan da ke karɓar albashi 'yan ƙalilan ne, amma a kansu makarantun firamare da ɗakunan haihuwa na karkara suka dogara. Idan malama guda ta haihu ta kasa komawa aji, ko unguwarzoma guda ta ajiye aiki saboda ta rasa mai riƙe mata jariri, garin da take aiki a cikinsa shi ne ke yin asara, kuma ba kullum ake samun wadda za ta maye gurbinta ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na shekarar 2004, ta yi magana a kan mace mai ciki a sashe na 54. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, idan mace ta kawo takardar likita da ke nuna cewa haihuwarta za ta zo cikin mako 6, tana da ikon barin aiki tun daga wannan lokaci. Bayan ta haihu kuma, doka ta hana a sa ta aiki har sai ta cika mako 6. Jimla mako 12 ke nan. Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin ba tare da yankewa ba kafin ta tafi hutun, wajibi ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau biyu a kowace rana a cikin lokacin aiki domin ta ba jaririnta nono. Har ila yau, haramun ne a dokance a ba ta takardar sallama alhali tana wannan hutu, ko kuma tana kwance saboda wata rashin lafiya da likita ya tabbatar cewa ciki ko haihuwa ne suka jawo ta. Abin da dokar ba ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ba shi ne kuɗin asibiti na haihuwar.

Wannan doka ita ce madogarar matan da ke ƙananan ayyuka a wuraren da ba na gwamnati ba, kamar shagunan magani, gidajen burodi, gidajen mai da makamantansu. Yana da kyau a lura cewa abin da ta ambata shi ne mafi ƙaranci. Mai wuri yana iya ƙarawa, amma ba shi da ikon ragewa. A ɗauka ana biyan mace naira 30,000 a wata: abin da doka ta tilasta a ba ta a lokacin hutun shi ne naira 15,000 a wata, a daidai lokacin da ake hidimar suna da sayen itace da magani. Wannan ne ya sa mata da dama ke komawa aiki tun jikinsu bai gama warwarewa ba, ba don an kira su ba.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, dokokin aikin gwamnati ne ke tafiyar da su. A matakin tarayya, bugun 2008 na waɗannan dokoki ya ba ma'aikaciya mako 16 a jere da cikakken albashi, waɗanda za su fara aƙalla mako 4 kafin ranar da ake sa ran haihuwa, ya kuma nemi a gabatar da takardar likita aƙalla wata 2 kafin wannan rana. Ya sanya hutun shekara na wannan shekarar a cikin hutun haihuwar, sannan ya ba mai shayarwa sa'a 2 a kowace rana har tsawon wata 6 daga ranar da ta dawo. An sake duba dokokin a 2021, kuma a shekarar ce Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin tarayya da matarsa ta haihu. Wasu jihohi sun wuce haka. Jihar Legas ta mayar da hutun wata 6 a 2014 ga haihuwar farko da ta biyu, Jihar Kaduna maƙwabciyarmu ita ma ta amince da wata 6 a 2019. A duniya kuma, yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a shekarar 2000, ta sanya mako 14 a matsayin mafi ƙaranci, kuma mako 14 ɗin ne dokar Jamhuriyar Nijar ta ba ma'aikaciya a Maraɗi ko Yamai.

Mun kawo waɗannan misalai ne saboda ruɗanin da suke haifarwa. Sau da yawa ma'aikaciya kan ji a rediyo cewa an mayar da hutun haihuwa wata 4 ko wata 6, sai ta ɗauka ya shafe ta, alhali kuwa labarin ma'aikatan tarayya ne ko na wata jiha. Ma'aikatan Jihar Katsina da na ƙananan hukumominta 34 suna ƙarƙashin dokokin aikin gwamnatin jiha ne da takardun umarni da ke fitowa daga ofishin Shugaban Ma'aikata, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha ga malaman firamare. Saboda haka, abin dogaro ga kowace ma'aikaciya shi ne ranar farawa da ranar dawowa da aka rubuta a takardar amincewa da hutunta. Haƙƙinta ne ta nemi jami'in ma'aikata ya nuna mata takardar umarnin da ake aiki da ita, kuma ba rashin ladabi ba ne ta yi hakan.

Lissafin makonni

Nan ne ya kamata kowane gida ya zauna ya yi lissafi tun ciki yana wata 6 ko 7, domin yawan makonnin hutu ba shi ne shekarun jariri a ranar komawa aiki ba. Wadda ta sami mako 12 ta cinye 6 kafin haihuwa, za ta koma aiki jaririnta yana da kwana 42, wato kwana biyu kacal bayan arba'in. A al'adarmu ko yawon arba'in ba ta gama ba, kuma idan haihuwar fari ce ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wataƙila ko ɗakinta ba ta koma ba. Wadda ta sami mako 16 ta ɗauki 4 kafin haihuwa, za ta koma jaririn yana da mako 12.

A ɗaya ɓangaren kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suna ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, wato mako 26, ba ruwa ba koko, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, wanda ya yi daidai da abin da iyayenmu da malamanmu suka sani game da lokacin yaye. Ke nan tsakanin ranar komawa aiki da cikar wata 6 akwai tazarar mako 14 ga wadda ta fi sa'a a cikin misalan nan biyu, da mako 20 ga ɗayar. A cikin wannan tazara ce ake fara ba jariri ruwan rijiya da kunu da madarar gwangwani a bulumboti, daga nan gudawa ta biyo baya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nonon uwa zalla. A jiharmu al'amarin ba na wasa ba ne. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na kula da masu tamowa a Katsina cikin wata shidan farko na shekarar. Tamowa tana da dalilai da yawa, ciki har da tsadar abinci da barin gonaki, amma yanke shayarwa da wuri yana cikin ƙofofin da take shigowa ta cikinsu.

Allurar riga-kafi ma tana cikin lissafin. Bayan waɗanda ake yi ranar haihuwa, jariri yana komawa asibiti a mako na 6, na 10 da na 14, sai kuma wata 9 domin ƙyanda da shawara da sanƙarau, da wata 15 domin allurar ƙyanda ta biyu. Duk uwar da ta koma aiki kafin mako na 14, aƙalla allura guda za ta faɗo mata a ranar aiki. Muna roƙon shugabannin makarantu da na ofisoshi su ɗauki katin riga-kafi a matsayin isasshen uzuri na wannan safiya.

Tallafin da ake da shi da wanda babu

Gaskiyar magana ita ce, a Najeriya babu wani kuɗin wata-wata da gwamnati ke biyan kowace uwa saboda ta haihu, irin wanda ake ji ana biya a Ingila ko Faransa. Duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗin fom, ko ya bugo waya yana neman lambar sirrin katin banki da sunan tallafin masu jego, ɗan damfara ne, a kai rahotonsa ga mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Tallafin da ke akwai yana zuwa ne ta wasu hanyoyi, kuma kowace hanya tana da ƙofarta.

Hanyar farko ita ce ta kiwon lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Manufar asusun ita ce a sami asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa, inda marasa galihu da aka yi wa rajista, musamman masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5, za su sami awon ciki da haihuwa da maganin cututtukan yau da kullum ba tare da sun biya ba. A Jihar Katsina, Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha, wadda aka fi sani da KTSCHMA, ita ce ke riƙe da rajistar masu cin gajiyar, kuma ita ce ke kula da tsarin ma'aikatan da ake cire wani kaso daga albashinsu. Abin da ma'aikata ke yawan mantawa da shi shi ne, jariri ba ya shiga rajista da kansa. Sai an je an ƙara sunansa, kuma gara a yi hakan a lokacin hutu, ba ranar da zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare ba. Bugu da ƙari, a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Tun a wurin awo ya kamata a tambayi wane asibiti ne za a tura mace idan haihuwa ta zo da gardama, ko Babban Asibitin Batsari ne, ko na Dutsin-ma ga mutanen Safana, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma ajiye kuɗin mota.

Akwai kuma maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 a lokacin damina. A Jihar Katsina aka fara gwada wannan shiri a Najeriya a 2013. Uwar da ke fita aiki da safe ta sanar da mai riƙe mata yaro, don kada masu rabon su zo a ce musu uwar ba ta nan, su wuce.

Hanya ta biyu ita ce tallafin kuɗi ga gidaje matalauta, wanda ke bi ta Kundin Rajistar Marasa Galihu na Ƙasa. Tsohon tsarin da aka fara a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari ya riƙa biyan naira 5,000 a wata. A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da wani na naira 25,000 a wata har wata 3, wanda aka sharɗanta masa lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Wannan tallafi na gida ne, ba na haihuwa ba, kuma al'umma ce ke tantance gidajen da suka cancanta. Ma'aikaciya mai albashi ba ta cikin waɗanda aka yi shi dominsu, kuma bai dace jami'i ya cusa sunan matarsa ko ƙanwarsa a ciki ba, alhali ga zawarawa da marayun da rikici ya bari.

Yana da amfani mu ambaci wani gwaji da aka yi kusa da mu. Daga 2013 zuwa 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da shiri a Tsafe da Anka ta Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi uku na Jigawa, inda aka riƙa ba mace naira 3,500 a wata tun tana da ciki har yaron ya cika shekara 2, tare da wayar da kai a kan abinci da shayarwa. Masu bincike sun gano cewa tsumburewar yara ta ragu, kuma matan ba su zauna ba, sun ƙara shiga sana'a da kiwo. Shirin ya ƙare, kuma bai taɓa shafar Katsina ba, amma ya amsa zargin da ake yi cewa tallafi yana kashe zuciya.

Duk waɗannan ƙofofi takarda guda ce ke sauƙaƙa buɗe su, wato takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa. Katin asibiti ba ya maye gurbinta.

Wa zai riƙe jariri?

A garuruwanmu ba a saba da gidan raino na kuɗi ba, kuma azuzuwan share fage da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta tanada a makarantun firamare na yaran da suka tasa ne, ba na jarirai ba. Abin da ake dogaro da shi shi ne kaka, ko gwaggo, ko abokiyar zama, ko maƙwabciya, ko kuma 'yar raino da aka ɗauko daga ƙauye. Wannan tsari ya riƙe al'ummarmu shekaru aru-aru, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai yana da wurare biyu da yake yoyo.

Na farko shi ne 'yar raino. Yarinya 'yar shekara 8 ko 10 da aka cire daga makaranta domin ta goyi ɗan malama, ita ma 'yar wani ce, kuma dokar ilimi ta ba ta shekara 9 na karatu kyauta kuma dole, ga kuma Dokar Kare Yara da jiharmu ta sanya wa hannu a 2020. Abin takaici ne a ce malamar da ke bin iyaye gida-gida tana roƙon su turo 'ya'yansu mata makaranta, ita ce ke da yarinya zaune a bakin ajinta da goyo a baya. Ban da wannan, yarinya ƙarama ba ta iya gane numfashin da ya sauya ko maɗigar da ta faɗa. Inda babu makawa sai an ɗauki mai raino, a nemi babbar mace, a yi yarjejeniyar abin da za a riƙa ba ta, a sa shi cikin kasafin wata kamar kuɗin cefane.

Na biyu shi ne saɓanin fahimta tsakanin uwa da kaka. Tsofaffinmu da yawa sun tashi a kan cewa jariri yana jin ƙishirwa, dole a ba shi ruwa, musamman a bazara, kuma wasu har yanzu suna ƙyamar dakashi, alhali shi ne riga-kafin farko na jariri. Ba a gyara wannan da faɗa, kuma suruka ba za ta iya ɗaga murya ga uwar mijinta ba. Abin da muka ga yana aiki shi ne a tafi da kakar wurin awo ko riga-kafi, ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, ko kuma maigida da kansa ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi. Uwa tana iya tatsar nono da hannu a kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa, a ajiye a wuri mai sanyi kamar gindin randa, a ba jariri da ƙaramin kofi ko cokali cikin sa'a 4, a lokacin zafi kuma a gaggauta fiye da haka. Bulumboti yana da wuyar wankewa inda ruwa ke da ƙaranci, shi ya sa ma'aikatan lafiya ba sa son sa.

Tun da muna maganar jego, akwai abin da ya shafi lafiyar uwar kanta. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta da shan kunun kanwa mai yawa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, asibiti take bukata ba komawa ofis ba, kuma takardar likita za ta kare mata aikinta.

Inda ma'aikata mata suka kai uku ko huɗu a makaranta ko asibiti guda, babu abin da ya hana shugaban wurin ya ware ɗaki ɗaya mai tsabta, su haɗa kuɗi su ɗauki dattijuwa guda ta zauna da jariran, uwayen su riƙa leƙowa lokacin tara. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi daga Katsina. Tabarma ce da gidan sauro da tulun ruwa da izinin shugaba. Kwamitocin kula da makarantu da kwamitocin raya mazaɓu suna da hurumin kawo wannan magana a zamansu.

Tsaro da wurin aiki

Ba za mu yi wannan bayani mu tsallake halin da yankinmu ya shiga ba. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, suna kuma cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa. Ba a manta da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 ba, ko rufe layukan waya a ƙarshen 2021. Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 an yi zaman sulhu na al'umma a ƙananan hukumomin biyu. Duk da haka, shekarun rikicin sun sauya yadda ma'aikata ke zaune. Da yawa sun kwashe iyalansu zuwa cikin garin Batsari, ko Dutsin-ma, ko Katsina, suna zuwa aiki Ruma ko Wagini ko Runka ko Zakka da safe su koma da yamma. Dangin da a da ake barin jariri a hannunsu su ma sun warwatsu.

Ga irin wannan ma'aikaciya, rabin sa'a na shayarwa ba shi da amfani idan jaririn yana nesa da tafiyar sa'a guda a kan babur, kuma ɗaukar ɗan wata 3 a kan hanyar da hankali bai kwanta da ita ba kasada ce. Mafita mafi sauƙi tana hannun sakataren ilimi da shugaban sashen lafiya: canjin wurin aiki na wucin gadi zuwa kusa da gida har jariri ya cika wata 6, ko haɗa lokutan shayarwa a ba ta damar tashi da wuri, ko cire ta daga aikin dare na ɗan lokaci. A rubuta wannan a takarda da ranar ƙarewarsa, don kada ya zama hanyar da kowa zai bi ya gudu daga ƙauye, domin yaran Madogara da Babban Duhu su ma suna da haƙƙin samun malama. Ita kuma ma'aikaciya ta nema a rubuce tun kafin hutunta ya ƙare. Wadda ta ƙara wa kanta mako 3 ba izini, sai aka zo tantance ma'aikata ba ta nan, ta jefa albashinta cikin matsalar da za ta ɗauki watanni ana warwarewa, domin rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati.

Matan da ba su da ofis

Mafi yawan matan Batsari da Safana ba su da takardar ɗaukar aiki, balle hutun haihuwa. Masu ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa, masu fura da awara, masu surfe da saƙa da ɗinki, masu kiwon awaki, da masu aikin gona a lokacin cirar dankali da rogo. Hutunsu shi ne arba'in, albashin hutunsu kuma shi ne abin da suka tara da abin da aka samu ranar suna. Doka ba ta ce komai a kansu ba, don haka dabara ta rage ga gida. Mun san ƙungiyoyin adashi da ke sauya layin kwasa domin ya faɗo wa mai ciki a watan haihuwarta, kuma wannan abin koyi ne. Haka kuma a yi hattara da cinye jari a hidimar suna. Macen da ta sayar da akuyarta da tukunyar suyarta don a yi anko, bayan arba'in ba ta da abin komawa, sai dai a ɗora wa babbar 'yarta talla.

A nan nauyin yana kan maigida. Ciyar da mai jego da tufatar da ita wajibinsa ne a addini da al'ada, ko tana da albashi ko ba ta da shi, kuma albashin hutun haihuwa ba dalili ba ne na janye hannu. Kai jariri riga-kafi, karɓo takardar haihuwa, da kai takardar neman hutu sakatariya a lokacin da ciki ya tsufa, duk ayyuka ne da namiji zai iya yi a safiya guda.

Ga jami'ai, da inda za a kai ƙorafi

Takardar neman hutun haihuwa ba ta jira, domin ranar haihuwa ba ta ɗaguwa. Jami'in da ta iso teburinsa ya sa mata hannu cikin lokaci, ya rubuta ranakun a fili, ya ba mai ita kwafi, ya kuma sanar da sashen albashi don kada a ɗauke ta a matsayin wadda ta gudu. Shugaban makaranta ya tsara wanda zai riƙe ajin tun kafin ta tafi. Idan ta dawo, ta rubuta takardar kama aiki a ranar, a buga mata hatimi, ta ajiye kwafinta tare da takardar likita da ta amincewa. Ba a biyan ko kwabo a kan ɗaya daga cikin waɗannan takardu.

Wadda aka hana ta hutu, ko aka tsayar mata da albashi, ko aka sallame ta saboda ciki, ta fara da rubuta wa shugabanta na kusa, sannan daraktan mulki na ƙaramar hukuma ko sakataren ilimi, tare da sanar da ƙungiyarta, ko ta malamai ce, ko ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ko ta ma'aikatan lafiya. Idan abin bai warware ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke da ofishi a Katsina, wadda ba ta karɓar kuɗi. Masu aiki a wuraren da ba na gwamnati ba su nufi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, kuma idan ta kai ga shari'a, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara. A kowane mataki za a tambayi takardun da muka ambata a sama, don haka a tafi da kwafinsu, a bar na asali a gida.